Tayar taɓo ko ta tsaka-tsaki: wacce ta dace da akori-kurar Zariya?

Mai akori-kura a Zariya hanyoyi biyu yake bi, kuma ba su da haɗi da juna. Akwai kwaltar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Kwangila ta miƙe Kano, inda mota za ta yi awa ɗaya ko biyu tana sharara gudu ba ta taka ko ɗigon laka ba. Akwai kuma wadda ake gangarawa kanta bayan an saki titi a wajejen Shika, Hunƙuyi, Maigana ko Soba: burji, jar ƙasa, turbar amalanken shanu, can ƙarshe kuma fadama. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ba wadda ke wahalar da kowa, sai dai ƙura. Da zarar ruwa ya zauna a Yuli da Agusta sai ta biyun ta sauya hali. Lokacin ne mutum ke fara rage tafiya a gaban shagunan taya na Sabon Gari, yana kallon waɗannan masu manyan haƙoran da aka jera a bakin ƙofa, yana raya cewa su ne maganin abin.

Ga wasu mutane su ɗin ne. Amma a ganina yawancin masu Hilux, L200, Navara da Ranger da ke garin nan, idan suka sa cikakkiyar tayar taɓo, wata biyu za su more ta, sauran wata goma kuma su yi ta biyan kuɗinta a gidan mai da wajen mai gyara. Abin da ya kamata a auna ke nan kafin a ciro kuɗi.

Tayoyin irin waɗannan motoci gida uku ne, kuma haruffan na nan rubuce a gefen taya. H/T ita ce ta kwalta, wadda galibi mota ke zuwa da ita daga kamfani, zanenta ƙanana ne a matse, zurfinsa bai cika wuce milimita 8 ko 9 ba. A/T ita ce tsaka-tsaki, haƙoranta sun fi girma, akwai 'yar tazara a tsakaninsu, zurfi kuma wajen milimita 10 zuwa 12. M/T ita ce tayar taɓo ta ainihi: haƙora manya-manya, rami mai faɗi a tsakani, zurfin kan kai milimita 14 zuwa 16, wasu haƙoran ma sun gangaro har kafaɗar taya zuwa gefenta. A 'yan shekarun nan an shigo da ta huɗu, R/T, wadda tsakiyarta ta A/T ce, kafaɗunta kuma na M/T. Akwai wata alama da ke ruɗar mutane, M+S. Tana jikin tayoyi da yawa, har da na kwalta zalla, saboda haka ganinta ba ya nufin ka riƙe tayar taɓo. Hoton dutse mai tsini uku da ƙanƙara a ciki kuwa na ƙasashen sanyi ne, ba abin da zai ƙara maka a hanyar Giwa.

Sirrin tayar taɓo ba a tsinin haƙoranta yake ba, a ramin da ke tsakaninsu yake. Ka tsaya gefe ka kalli motar da ke da tayar kwalta tana ƙoƙarin hawa ɗan tudun jar ƙasa bayan ruwan dare. Juyi biyu ko uku kawai, laka ta cike zanen tas, tayar ta koma sumul kamar kan mai sanƙo, tana ta wulwulawa a wuri ɗaya, gindin motar yana zamewa gefe yana neman kwata. M/T kuwa idan ta juya da ɗan ƙarfi sai ta watsar da lakar da ta ɗebo, ka ga curi-curi suna tashi sama suna faɗowa kan rufin mota, haƙoran su dawo ƙasa a buɗe su sake cizo. Aikinta ke nan, kuma babu A/T da ke kamo ta a wannan fagen. A/T mai kyau takan yi ƙoƙari a laka mai ruwa-ruwa, amma a yumɓu mai danƙo ita ma cikewa take yi, sai dai ta ɗan fi ta kwalta jinkiri.

Sai dai ba kowace laka ce iri ɗaya ba, kuma a nan nake so a daɗe, domin nan ne zaɓin yake. Ƙasar Zazzau na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ce kuma ƙololuwa. A kan tudu, inda ake masara da dawa da waken suya, ƙasar ja ce, a ƙarƙashinta sau da yawa akwai marmara. Idan aka yi ruwa, saman ne ke yin santsi, ɗan taƙi ɗaya ko ƙasa da haka, ƙasan kuma yana nan da tauri. Rana ta fito ta yi awa uku huɗu, hanya ta sha iska, mota ta wuce. A irin wannan ƙasa A/T mai sabon zane, da fowil, wato giyar da ke jan ƙafa huɗu, da direba mai haƙuri, sun isa a mafi yawan ranaku. Abin da kawai za ka rasa shi ne damar shiga da sassafe bayan ruwan dare.

Fadama daban take. A bakin Galma da ƙananan rafukan da ke zuba cikinta, da kwarurrukan da ake rake a wajejen Maƙarfi da Kudan, ƙasar baƙa ce mai danƙo, tana riƙe ruwa kwana da kwanaki, kuma wani wurin babu tauri a kusa. A nan M/T ke nuna bambanci, amma a nan ɗin ne kuma take yaudarar mai ita. Taya mai cizo tana haƙa. Idan akwai ƙasa mai tauri a kusa, za ta haƙa ta same ta, mota ta fita. Idan babu, za ta yi ta haƙa har sai cikin motar ya zauna a kan laka, ƙafafun huɗu suna juyawa a banza. Wanda ke da tayar kwalta tun a bakin wurin zai kafe, matasa biyar su turo shi baya. Mai M/T yakan kai tsakiya kafin ya kafe, shi kuma sai an nemo tarakta. Ga duk wanda ya san yadda wasu hanyoyin yammacin Giwa suka zama a shekarun nan, kafewa a daji bayan la'asar ba maganar ɓata lokaci kaɗai ba ce.

A yashi ma, irin na mashigin rafi da rani, haƙan nan ba alheri ba ne. Yashi yana son taya ta kwanta a kansa ta wuce, A/T da aka rage wa iska ta fi M/T sauƙin sha'ani a wurin.

Yanzu a hau kwalta, inda motar ke yin mafi yawan rayuwarta ko mai ita ya yarda ko bai yarda ba. Abu na farko da ya fi damuna, wanda kuma masu sayarwa ba sa ambata, shi ne birki a jiƙaƙƙen titi. Ka sa ido a kan haƙorin A/T ko H/T za ka ga ƙananan tsage-tsage siraran gaske, kamar an yanka da reza. Su ne ke tsotse siririn ruwan da ke kan kwalta su bar roba ta taɓa titi. Haƙoran M/T da yawa ba su da su, ko kuma kaɗan ne, ga shi robar da ke taɓa ƙasa ba ta da yawa saboda ramuka sun cinye wurin. Sakamakon shi ne mota ta fi daɗewa kafin ta tsaya, bayanta kuma ya fi saurin zamewa a kwana, musamman idan babu kaya a bodi. Abin takaicin, watannin da ka sayi tayar dominsu su ne watannin da titin Kaduna ke jiƙe. Wanda ya sa M/T dole ya rage gudu ya kuma ƙara tazara tsakaninsa da na gaba idan hadari ya sauko, ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, ba zai ƙirƙiro riƙon da roba ba ta da shi ba.

Sai ƙara. Sabuwar M/T daga wajen gudun kilomita 60 take fara wani gunji, yana ƙaruwa da gudu. A makon farko mai mota yakan ji daɗinsa, har ya sauke gilashi. Zuwa lokacin da zai yi Kano da dawowa sau da yawa da iyali a baya, daɗin ya ƙare. Kuma ƙarar ba ta raguwa da tsufan taya, ƙaruwa take yi, domin manyan haƙora ba sa cinyewa daidai: gefe ɗaya na kowane haƙori yakan fi ɗayan lalacewa, idan ka shafa tafin hannu za ka ji hawa da sauka. Wata illar da ba a lura da ita: gunjin yana rufe kukan boris da ya fara mutuwa, sai abin ya yi nisa kafin a ji.

Batun mai kuwa tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi ya daina zama ƙaramar magana, kuma yawancin Hilux ɗin da ke hannun mutane a nan masu injin fetur ne na 2.7, wanda dama ba gwanin tsimi ba ne. Tayar taɓo ta fi nauyi, ta kuma fi wuyar mirginawa. Tayar kwalta mai lamba 265/65R17 ba ta cika kai kilo 20 ba, M/T mai ƙarfi a kusan wannan girman takan haura 20 da 'yan kai. Ƙarin nauyin yana can a ƙafa, inda inji zai juya shi a kowane tashi, birki ya tsayar da shi a kowace tsayawa, shakazoba da bushin su sha dukansa a kowane rami. A ɗauka a misali motarka ta ƙara shan lita 1 kacal a kowace kilomita 100. Idan kana yin kilomita 30,000 a shekara, lita 300 ke nan. Ka buga da farashin lita na yau, ka ɗora a kan kuɗin tayar, shi ne ainihin farashinta.

Ga kuma saurin ƙarewa. Zurfin haƙori yana sa mutum ya zaci M/T za ta fi daɗewa, amma a kwalta haƙoran suna motsi suna gogewa, musamman a zafin Maris da Afrilu da rana ke kusantar digiri 40, titi kuma ya fi haka zafi nesa. Kamfanonin da kansu sun san haka. A kasuwar Amurka, BFGoodrich na ba da garantin mil 50,000, wato kimanin kilomita 80,000, a kan tayarsa ta A/T mai suna KO2, amma ba ya ba da irin wannan garantin tafiya a kan KM3, wadda ita ce ta taɓo. Garantin ba zai biyo ka Zariya ba, amma ya nuna maka wadda mai ƙera ta ya amince za ta jure titi. Wani abin kuma, M/T da ta ci rabi ta riga ta rasa yawancin abin da aka saye ta dominsa. Ka saye ta a Oktoba, ka goge ta a kwalta duk rani, damina ta zo ta same ka da taya mai ƙara da shan mai amma ba cizo.

To me ya sa har yanzu wasu ke rantsuwa da M/T ko da rani? Idan ka bincika za ka tarar ba haƙoran suke yabo ba, ƙarfin jikin tayar ne. Abin da ke kashe taya a gona ba laka ba ce. Tushiyar dawa da aka sare a karkace, kututturen da ciyawa ta rufe, ƙayar bagaruwa, bakin marmara mai kaifi, su ne ke huda gefen taya, kuma hujin gefe ba ya facuwa yadda za a amince da shi a gudu. Kusan duk M/T ana yin ta da ƙirar LT, wato jiki mai kauri na ɗaukar kaya. Amma A/T ma ana samun ta da ƙirar LT. Wannan shi ne abin da da yawa ba su sani ba, suna gwada M/T mai kauri da A/T mai laushi irin ta motar gida, su ce A/T ba ta da ƙarko. Ka nemi wadda lambarta ta fara da LT, ko ta ƙare da C kamar 205R16C da tsofaffin Hilux ke sawa. Sannan ka duba ajin kaya: C daidai yake da abin da masu taya ke kira fulai 6, D fulai 8, E fulai 10. Akwai kuma wani ƙaramin rubutu kusa da rim, inda aka sa SIDEWALL, yana faɗin shimfiɗa nawa ke gefen tayar, biyu ko uku. Mai yawan shiga gona ya nemi mai uku idan ya samu.

Fulai 10 ba dole ba ne ga kowa. Motar da ke yawo ba kaya, idan aka sa mata E, tana dukan ƙashin baya a kowane gargada. Amma wanda ke loda buhu goma na masara daga Soba, tan guda ke nan, kuma kusan dukansa a kan ƙafafun baya yake zama, D ko E ce tasa. Lambar da ke bayan girman taya ita ke faɗin nauyin da kowace ɗaya za ta ɗauka: 112 na nufin kilo 1,120, 121 kuma kilo 1,450. Harafin da ke biye na gudu ne. Q kilomita 160 a awa, S 180, T 190. Yawancin tayoyin taɓo Q ne, wasu ma ƙasa da haka. Tunda doka ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce 100 a babbar hanya ba, Q ta wadatar a takarda, amma ka tuna an auna wannan ne da iska daidai da kaya daidai, ba da lodin da ya fi ƙarfin mota a tsakar ranar Afrilu ba.

Maganar girma ita ce inda ado ke cin kuɗin mutane. Mai shago zai mirgino maka 285/70R17 ya ce, “Alhaji, wannan ko cikin Galma ka faɗa za ta fito da kai.” Ka yi lissafi tukuna. Tsayin 265/65R17 kimanin milimita 776 ne. 265/70R17 kuma 803, ƙarin kashi 3 da ɗoriya cikin ɗari, yawanci tana shiga ba matsala ko da ɗan gyara kaɗan, ta ɗaga cikin mota da kusan milimita 13. Ita kuwa 285/70R17 tana kai 831, ƙarin kashi 7 cikin ɗari. Allon gudu zai nuna 100 alhali kana kan 107, motar za ta yi nauyin tashi, kulochi ya sha wuya a hawa da kaya, tayar kuma takan gogi jikin mota idan an karya sitiyari gaba ɗaya, sai an ɗaga motar ko an yanke wani abu. A jar ƙasarmu mai tauri a ƙasa, siririyar taya doguwa ta fi mai faɗi aiki, domin tana yanka santsin ta isa ga taurin, mai faɗi kuwa sai ta yi ta yawo a sama. Ba banza ba Land Cruiser ta aiki ta daɗe tana fita da siririyar 7.50R16. Mai rim 16 yana da zaɓi mai kyau a nan: 235/85R16 da 265/75R16 tsayinsu kusan ɗaya ne, bambancin milimita 2 kacal, amma ta farkon ta fi siranta da milimita 30. Kuma in an ba ni zaɓi tsakanin rim 16 ko 17 da rim 18 ko 20 don hanyar ƙauye, ƙaramin zan ɗauka, saboda yana barin roba mai yawa tsakanin rami da ƙarfe.

Game da sunaye, tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, tayoyin da muke sawa daga waje suke zuwa, farashinsu kuma yana bin dala. A sama akwai irin su BFGoodrich, da Bridgestone Dueler, da Yokohama Geolandar, da Dunlop Grandtrek, kowannensu yana da A/T da M/T. A tsakiya akwai Maxxis na ƙasar Taiwan, mai Bighorn da Razr MT a ɓangaren taɓo, da Bravo da Razr AT a tsaka-tsaki. Sai na Sin masu sauƙin kuɗi, irin su Triangle, Westlake, Linglong da Comforser. Ra'ayina a nan shi ne, a cikin laka tazarar da ke tsakanin mai tsada da mai araha ba ta da yawa, rami rami ne. A jiƙaƙƙiyar kwalta, da wajen balansin, da yadda taya ke cinyewa, can ne kuɗi ke nuna kansa. Saboda haka idan M/T ɗin ta zaman gona ce kawai, mai araha sabuwa ba laifi. Idan kuwa taya ɗaya ce za ta yi gona ta yi Abuja, gara A/T ta kamfanin kirki da M/T mafi araha a kasuwa. Sunan kuma bai isa ba, sai irin da girman da za ka iya samun guda ɗaya a Zariya ko Kaduna ko Kano idan ɗaya ta fashe. Taya mai wuyar samu takan sa mutum ya haɗa iri biyu a mota ɗaya, kuma a motar fowil bambancin tsayi tsakanin gaba da baya yana wahalar da giya da dif.

A kan haka ne ban goyi bayan dabarar nan ta sa M/T biyu a baya, a bar na kwalta a gaba ba, in dai motar fowil ce. Ko lambarsu ɗaya, tsayinsu ba ya zama ɗaya. A mota mai jan baya kaɗai akwai masu yin haka su ci riba a laka, amma su sani a jiƙaƙƙen titi gaba zai riƙe, baya ya saki, wanda shi ne mafi munin yanayin da akori-kura mara kaya ke shiga.

Tayar Baljiyam mai manyan haƙora tana da jan ido, ga araha. Shigo da tsohuwar taya irin ta waɗannan motoci yana cikin jerin abubuwan da hukumar kwastam ta haramta, amma kowa ya san tana kasuwa. Matsalar ita ce haƙoran M/T na iya zama da saura sosai alhali robar ta tsufa ta bushe. Ka goge ƙurar gefen tayar da yatsa ka nemi inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. 2523 na nufin mako na 25 na shekarar 2023. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara 4 suke ƙirgawa daga wannan ranar, kuma suna dubawa a hanya. Ko sabuwa ce fil a leda ka duba, domin M/T ba ta cika tafiya da sauri a shago ba, wata takan shekara biyu a jingine tana shan rana. Ka kuma leƙa cikinta. Tayoyin da aka cusa cikin juna don rage kuɗin kwantena sukan fito da lanƙwasa ko tsagewa a bakin da ke kama rim.

Akwai abin da ke ƙara wa kowace taya ƙarfi a laka fiye da sauya zane, kuma kusan kyauta ne: iska. Yawancin masu faci a bakin titi idan suka ga babbar taya sai su ce, “Oga, wannan ai sai hamsin ko sittin,” wani ma da ƙarfe zai buga ya saurari sautin. Lambar da ke jikin taya, 50 ko 65 ko 80 a ma'aunin iska na PSI, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a riƙa yawo da shi ba. Ma'aunin motarka yana kan 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, da na mota ba kaya da na mota da kaya. Idan ka koma ƙirar LT daga mai laushi, takan buƙaci ɗan ƙari a kan wannan don ɗaukar nauyi iri ɗaya. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Idan za a shiga laka ko yashi ba da lodi mai nauyi ba, a sauke zuwa wajen 20 ko 22, tayar za ta shimfiɗu ta ƙara riƙo sosai. Ƙasa da 15 kuwa tana iya zarewa daga rim. Sharaɗin shi ne a mayar da iskar kafin a hau kwalta a yi gudu, domin taya mai ƙarancin iska zafi take tarawa har ta fashe. Ɗan famfon da ake haɗawa da batir da geji na kirki ba su kai kuɗin taya ɗaya ba. Na fi amincewa da mai A/T da ke da waɗannan biyun, da igiyar ja da shebur a bodi, a kan mai M/T da aka ɗura wa 60.

To wa zai sayi wacce? Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da gonarsa ke kan tudu, yana leƙa ta a ƙarshen mako, sauran kwanaki yana tsakanin Samaru, PZ da Kaduna, A/T ce tasa, C ko D, a girman da motar ta zo da shi ko hawa ɗaya sama. Mai sayen hatsi da ke zagaya kasuwannin Giwa, Maƙarfi da Soba yana dawowa da lodi, shi ma A/T, amma D ko E, domin nauyi da zafi ne abokan gabansa, ba laka ba. Wanda motarsa ba ta sauka daga kwalta sai zuwa biki a ƙauye, ya bar H/T ɗinsa, ya fi kowa riba. R/T ta dace da wanda gonarsa ke da guntun wuri ɗaya mai taurin kai a hanya, yana kuma iya jure 'yar ƙara, in ya same ta a girmansa.

M/T ta mutumin da abincinsa ya dogara da shiga fadama a ranar da aka yi ruwa ce, ba washegari ba: mai kai taki da maganin feshi a tsakiyar Agusta, mai aikin rijiyar burtsatse, ma'aikacin gona ko na lafiya da ke bin ƙauyukan da babu burji, mai babbar gonar shinkafa a kwari. Shi ma in yana da hali, hanya mafi arha a tsawon lokaci ita ce rim kashi biyu. Ya nemi rim na ƙarfe huɗu ko biyar ya ɗaura musu M/T siririya, ya sa su daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Oktoba, sannan ya wanke su ya ajiye a inuwa, nesa da janareta da man inji, ya koma kan A/T ko H/T duk rani. Kuɗin farko da nauyi, amma kowane kashi yana samun hutu, na rani wata uku da ɗoriya, na damina fiye da wata takwas, M/T ɗin kuma za ta riski damina uku ko huɗu da haƙoranta, ba ta ƙare a titin Kano ba.

Idan kuma taya ɗaya za a sa shekara duka kuma an dage sai M/T, a riƙa juya su gaba da baya duk kilomita 5,000 zuwa 8,000, a yi balansin da alaimin tun ranar da aka ɗaura, a kuma wanke lakar da ke bushewa a cikin rim, domin ita kaɗai tana sa sitiyari rawa a gudun 80. A duba ko akwai kibiya a gefen tayar. Mai kibiya gefe ɗaya take juyawa, ba a tsallaka da ita daga dama zuwa hagu sai an cire ta daga rim, safayarta kuma gefe ɗaya kawai za ta dace da shi. A sayi biyar, ba huɗu ba, kuma kafin a bar shagon a gwada ko ta biyar ɗin tana shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi, a gwada ko jek ɗin motar yana iya ɗaga ta yadda sabuwar tayar za ta bar ƙasa.